Kujeru Goma Sha Biyu Da Suka Tafi Fenti

Masu karatu, ina gaishe ku da kyau, musamman waɗanda suka cika mini akwatin saƙo da tambaya guda ɗaya: wai har yanzu muna tare da Akawu, ko shi ma bakina ya kore shi? Ku yi haƙuri, amsar ba ta kalma ɗaya ba ce. Wanda kuma yau ya fara leƙo wannan shafi, ga abin da ya kamata ya sani. Shekaruna ashirin da shida. Ina taka keken ɗinki a wata masana'anta da ke ɗinka kayan 'yan makaranta da na ma'aikatan asibiti. A gida da wurin aiki Tartsatsi ake kirana, kuma ba don hasken fuskata ba ne. Akawu kuwa shi ne mai buga takardu a ofishin masana'antar, shi ne kuma mutumin da baffanninsa suka ce ranar Asabar za su zo su ga Babana a kan maganata.

Abin ya faru ranar Litinin, da ƙarfe goma sha ɗaya da kwata na safe.

Ɗakin aikinmu dogo ne, rufin kwano, fanka shida, huɗu daga ciki suna juyawa. Kekuna arba'in ne a jere, layi huɗu, kowace mai keke da kujerarta. Can ƙarshen ɗakin, inda tururi ke tashi, akwai teburan guga goma sha biyu, kuma a bangon da ke bayansu an kafa wani allo mai jan rubutu: MAI GUGA BA TA ZAMA A BAKIN AIKI. Daga ƙarfe takwas zuwa biyar a tsaye suke, in ban da hutun azahar. Haka na tarar, haka wadda ta koya mini aiki ta tarar, kuma ban taɓa jin an tambayi dalili ba.

Babbar masu gugar ita ce wadda muke kira Goggo. Shekararta ashirin da bakwai a teburin farko, mijinta ya rasu, jikoki uku take riƙo. Ƙafafunta sun daɗe suna kumbura, har ta koma sa silifas ɗin maza. A wannan safiya ta jawo wani kwalin zare da babu komai a ciki, ta kifa shi, ta zauna a kai, hannunta bai fasa guga ba. Sai ga mai duba aikinmu, wanda muke kira Agogo saboda ba ya iya gaishe ka sai ya dubi tsintsiyar hannunsa.

"Goggo, karo na uku ke nan," in ji shi.

"Ɗan nan, rigar ce ta yi ƙorafi? Duba wuyanta, ko tamoji ɗaya babu."

"Ni doka na sani."

Kafin a tashi, takarda ta sauko daga ofis: Goggo ta karya doka sau uku, ranar Juma'a ce ranarta ta ƙarshe. Kuma wa kuke tsammani ya sauko da takardar, yana riƙe da ita da yatsa biyu kamar za ta ƙona shi? Akawu, da rigarsa mai ruwan sararin sama da birai uku a aljihu.

Ba zan ɓoye muku ba, ban san sa'ad da na miƙe ba. Na buga almakashi a kan tebur har kwanon allurai ya watse. Na gaya wa Agogo abubuwan da ba zan maimaita a nan ba, domin akwai 'yan'uwan Umma a cikin masu karanta ni. Na rantse gobe sai na datse wayar kowane dutsen guga, in ga wanda zai yi guga a tsaye ko a kwance. Ina cikin wannan sai na ji an jawo gefen mayafina.

"Zauna, 'yar nan," in ji Goggo. "Ke da aka yarda ki zauna."

Ina isa gida saƙon Akawu ya shigo.

*Ranki ya daɗe, kin isa lafiya?*

*Hannun da ya buga takardar Goggo shi ne yake buga mini saƙo?*

*Hannu biyu gare ni, amma gaskiya da su duka nake bugawa.*

*Wasa ma kake yi?*

*Ba wasa nake yi ba. Ba ni na kore ta ba. An ba ni, na buga.*

*To ka buga wa baffanninka takarda su ma, ka ce su huta.*

Na kashe wayar na cusa ta ƙarƙashin matashi.

Umma tana falo a lokacin, ta baje sabon labule mai ruwan zuma a kan doguwar kujera tana lanƙwasa bakinsa, allura a leɓenta. Tun wata guda da ya wuce gidanmu ya zama kamar za a karɓi baƙin ƙasa: an sake wa tebur leda, an sauke hoton Yayana da ya fito da ido ɗaya a rufe, an hana kowa taka dardumar tsakiya. Ta dube ni sau ɗaya, ta cire allurar.

"Da wa kuma?"

Na ba ta labari, ina yi ina nuna yadda na buga almakashin.

"Inna lillahi! Tartsatsi, kwana biyar kacal nake roƙo. Ki haɗiye bakin nan zuwa Asabar. Bayan nan ki ƙona masana'antar in kin ga dama, ni zan miƙo miki kalanzir."

"Umma, tsohuwa fa aka kora don ta zauna!"

"Na ji, kuma raina ya ɓaci. Amma manema uku kika kora da wannan harshe. Na farko kin ce masa yana cutar yaran shagonsa. Na biyu kin gyara masa lissafi a gaban ƙanwarsa. Na uku ban ma san abin da kika ce masa ba, na dai ga ya manta takalminsa ɗaya a ƙofa. Yanzu Allah ya kawo mai haƙurin da ya ji ya gani ya ce ya yarda, za ki sa a kore ki ana saura 'yan kwanaki, danginsa su ce 'yar rigima ce?"

Baba yana baranda a kujerarsa ta katako, rediyo a cinya, tabarau a kan karan hanci. Malamin tarihi ne, ya yi ritaya shekara shida da suka wuce, amma har yau in ka ce masa "kwanakin baya" sai ya ce "ran nawa ga wata?" Shi kaɗai ne ba ya kirana Tartsatsi, domin sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

"Uwata, zo nan. Dokar nan da aka ce an karya, wa ya kafa ta?"

"Masana'anta mana, Baba."

"Masana'anta gini ce, ba ta riƙe biro. Wane mutum? A wace shekara? A wane littafi aka rubuta?"

"Kowa ya san doka ce."

Ya cire tabarau ya goge da bakin riga. "Shekara talatin da huɗu na yi ina jan layi da jan biro a ƙarƙashin 'kowa ya sani'. Fushin nan naki ba ni da ja a kansa, da ba ki yi ba ma da na ji kunya. Amma kin ɗauke shi kin miƙa masa almakashi. In kika datse waya gobe, Goggo ta tafi, ke kin bi ta, allon yana nan a bango. Ki ba shi littafi da biro na kwana uku, ki gani."

Daga falo Umma ta ɗaga murya: "Malam, zuga ta kake yi ko hana ta?"

"Aikin gida nake ba ta," in ji Baba.

Ya shiga ɗaki ya fito mini da wani littafin rubutu mai bangon kore, ragowar na ɗalibansa.

Ranar Talata da hutun azahar, maimakon in zauna da 'yan layinmu, na ɗauki kwanon abincina na nufi inuwar bayan ɗaki, inda masu guga ke miƙe ƙafafu. Na buɗe littafin na ce, "Iyayena, tun yaushe aka hana mai guga zama?"

Suka dubi juna. Yawancinsu suka ce haka suka tarar. Goggo kuwa ta tauna abin da ke bakinta a hankali, sannan ta ce, "Da ai muna zama. Dogayen kujeru gare mu, marasa majingina, daidai tsayin tebur."

Sai da cokali ya faɗi daga hannuna. "Ina suka tafi?"

"Fenti."

"Fenti kamar yaya?"

"Wasu manyan baƙi za su zo, masu sayen kayan asibiti. Aka ce kujerun sun yi dauɗa, za a kai su a shafa musu fenti a dawo da su. Baƙi suka zo suka tafi, mu dai muna tsaye muna jira. Da muka tambaya aka ce bai bushe ba. Daga nan muka gaji da tambaya."

"A wace shekara ke nan?"

Nan fa gardama ta kaure. Wata ta ce shekarar da rufi ya yi yoyo ne. Wata ta ce a'a, rufin sau uku yana yoyo. Sai wata mai ƙaramar murya, wadda ke teburi na bakwai, ta ce, "Ni dai na tafi hutun haihuwar Autana ina da kujera, na dawo babu."

"Inna, shekarar Autan nawa?"

Ba ta riƙe ba, amma hoton takardar haihuwarsa yana cikin wayarta tun sa'ad da ya nemi shiga makaranta. Muka haɗa kai a kan ƙaramin gilashin wayar. An haife shi ranar ashirin ga watan Fabrairu, shekara goma sha tara da suka wuce, hutun haihuwa kuma wata uku ne. Ke nan tsakanin Fabrairu da Mayu na waccan shekara kujerun suka bar ɗakin.

Sauran labarin a bakin tsofaffin masu keke na tattara shi. Mai duba aiki na wancan lokaci ya yi ritaya jim kaɗan bayan zuwan baƙin. Wanda ya gaje shi ya zo ya tarar da mata a tsaye, ya ɗauka haka tsarin yake. Da ya ga wata ta zauna a kan bokiti, sai ya rubuta gargaɗi a jikin kwali ya manna. Na uku ya ga kwalin ya tsufa, ya sa aka yi masa allo na katako. Agogo shi ne na huɗu, allon ya tarar, kuma ya riƙe shi hannu bibbiyu.

Ku yarda da ni, fushin da na ji a wannan rana ya fi na Litinin, sai dai wani iri ne. Na Litinin a baki yake. Wannan kuwa ya sauka can ƙasa ya zauna, ya bar mini kaina sarai.

Na rubuta takardar roƙo mai layi shida, Baba ya gyara mini ita ta koma layi huɗu. Ranar Laraba na bi mata ɗaya bayan ɗaya, a bakin famfo, a layin banɗaki, a ƙofar fita. Mu hamsin da biyu ne, arba'in da tara suka sa hannu. Uku suka ƙi. Ɗayarsu ta ce mini, idonta a ƙasa, "Tartsatsi, mijina ba ya aiki." A da, da na wanke ta tas a gaban jama'a. Na ji maganar ta taso har maƙogwaro, na mayar da ita, na ce, "Babu komai, Yaya. In kujera ta dawo, ba za a tambayi wanda ya sa hannu ba." Ta daɗe tana kallona, ina jin tana neman inda aka ɓoye Tartsatsin gaske.

Amma labarin baka ba ya tsayawa a gaban Manaja. Takarda nake bukata, kuma mutum ɗaya ne a duniya ya san inda takardun shekara goma sha tara suke kwance. Na kunna waya. Saƙonnin Akawu goma sha ɗaya ne suka shigo a jere, na ƙarshen yana cewa: *Ko zagi ne a turo, a san ana raye.*

*Akwai fayil na shekara goma sha tara baya?*

*Barka da dawowa duniya, ranki ya daɗe. Akwai.*

*Ba shiri na zo yi ba.*

*Na sani. Wane wata?*

*Fabrairu zuwa Mayu. Duk abin da ya ambaci kujera ko fenti.*

Amsar ta ɗauki minti bakwai, na ƙirga. Sannan ya rubuto: *Ba a fitar da takarda daga ofis sai da sa hannun Manaja.*

*To shi ke nan.*

*Ban ce shi ke nan ba. Gaya miki kawai na yi.*

Bayan la'asar sai ga sallamarsa a ƙofar gida. Umma ta leƙa ta taga, fuskarta ta washe. Ta tura ni ɗaki ta ce in cire rigar aiki, ta zaɓo mini doguwar riga ruwan toka mai aiki a wuya, ta fesa mini turarenta da ba ta yarda ko a shinshina. Aka shimfiɗa mana tabarma a baranda, aka kawo shayi da biskit. Duk sa'ad da ta gifta sai ta gan mu kai a haɗe muna magana ƙasa-ƙasa, ta koma ciki tana hamdala. Ba ta san wata tsohuwar takardar sito muke karantawa ba.

Kwafi ne ya yi. Kwanan watan tara ga Maris. An tura kujeru goma sha biyu sito domin fenti, za a mayar da su ɗakin guga da zarar mai duba aiki ya sa hannu a fom ɗin karɓa. A ƙasa Akawu ya rubuta da fensir: *mai duba aikin ya yi ritaya ran talatin da ɗaya ga wannan wata.* Sannan ya zaro wani ɗan littafi mai bangon rawaya.

"Dokokin ma'aikata ke nan. Arba'in da ɗaya ne. Na karanta su sau uku, babu zama, babu tsayuwa."

"Yaushe ka sani?"

Ya juya kofin shayinsa a kan tabarma. "Ranar Litinin. A takardar kora akwai gurbin da ake sa lambar dokar da aka karya. Na nema ban samu ba, sai na bar gurbin babu komai."

"Ka ga babu, amma ka buga?"

"Na buga. Na kuma sauko da ita da hannuna." Ya ɗago ya dube ni. "Shekara bakwai ina buga abin da aka miƙo mini, ina alfahari ban taɓa kuskuren harafi ba. Kwana biyu ke nan abinci ba ya wuce mini."

Na so in ce wani abu mai zafi, na duba ban samu ba. Sai na tura masa farantin biskit na ce, "Ci. Ba na son a ce a gidanmu ka faɗi."

"Wannan shiri ne?"

"Biskit ne."

Ranar Alhamis na hau bene na sami Mai Sito, wani dattijo mai farin gemu wanda makullai suka rinjayi aljihunsa. Na ce, "Baba, wai akwai wasu kujeru a wurinka?"

Bai ko yi mamaki ba. Ya wuce gaba, muka ratsa tsakanin dilolin yadi har ƙuryar sito, ya yaye wani tsohon zane. Ga su nan, an kifa su bibbiyu, shuɗaye, suna ƙyalli.

"Duk ƙarshen wata nake goge su," in ji shi. "Na san wata rana za a zo da sa hannun mai duba aiki. Kin zo da shi?"

"Baba, shekara goma sha tara! Mata suna ƙasa a tsaye, ba ka ce komai ba?"

"'Yata, ni aikina ajiya. Abin da ya shigo da takarda, da takarda yake fita. Kuma ba wanda ya taɓa hawowa ya tambaya, sai ke." Ya buɗe aljihun tebur ya miƙo mini fom ɗin, ya yi rawaya don tsufa, gurbin sa hannu yana nan fari.

A wannan yamma muka taru a inuwar bayan ɗaki. Wasu suka ce a ƙi aiki, wasu suka ce a tare ƙofa. Na ce ba za mu fasa ko allura ba, ba kuma za mu zagi kowa ba. Da suka ji wannan daga bakina, sai da aka yi dariya har da riƙe ciki. Na bari suka gama, sannan na gaya musu abin da za mu yi. Aka ce wa zai yi magana? Goggo ta ce, "Wadda Allah ya ba bakin mana. Yau dai a ga amfaninsa."

Juma'a da safe Umma ta gan ni na goge rigar aiki har sau biyu, na ɗaura ɗankwali baƙi, littafin kore a hannu. Ta tare ƙofa.

"Saura kwana ɗaya, Tartsatsi. Ɗaya tak."

"Umma, na yi miki alkawari ba zan ɗaga murya ba."

"Wannan ne ma ya fi ba ni tsoro."

Ƙarfe takwas daidai aka kunna wuta. Masu guga suka tsaya a teburansu kamar kullum. Mu kuma masu keke, mu arba'in, muka tura kujerunmu baya muka miƙe tsaye, kowace a bayan kekenta, hannu a harɗe. Har ukun nan da ba su sa hannu ba, na waiga na gan su a tsaye. Agogo ya dubi agogonsa, ya dube mu, ya sake duban agogon.

"Mene ne haka?"

"Doka muke bi," na ce. "Mun ga bai kamata a bar wa iyayenmu ita su kaɗai ba."

Ofishin Manaja yana saman ɗakinmu, kuma shekara huɗu da ya yi a nan bai taɓa jin safiya ba ƙarar kekuna ba. Ba a yi minti biyar ba ya sauko, Akawu a bayansa da fayil a hammata. Na tako gaba.

"Ranka ya daɗe, ba yajin aiki muke yi ba, tambaya ɗaya muka zo da ita. An kori Goggo don ta karya doka. Muna roƙon a gaya mana lambar dokar."

Manaja ya juya ga Agogo. Agogo ya nuna allo.

"Wannan allo ne," in ji Manaja. "Lamba ta tambaya."

Na buɗe littafina. Na fara daga tara ga Maris, na bi da ritayar talatin da ɗaya ga wata, na kawo kwali, na kawo allo, na lissafa masu duba aiki huɗu a jere. Harshena yana ta ƙaiƙayi, akwai kalmomi uku masu daɗi da na tanadar wa Agogo tun Litinin, amma na tsaya a kan kwanan wata kamar yadda Baba ya koya mini. Na miƙa takardar roƙo, na miƙa kwafin takardar sito, na miƙa fom. Na ce, "Kujerun suna sama, ranka ya daɗe. Sa hannu ɗaya suke jira."

Manaja ya karanta, ya sake karantawa. Ya hau bene da kansa, muna jin takunsa. Da ya sauko, yana ƙoƙarin haɗe fuska amma gefen bakinsa yana rawa. Ya miƙa wa Agogo fom da biro. Agogo ya sa hannu, kuma don a yi masa adalci, shi ya fara ɗauko kujera ya ajiye a teburin farko, ya ce, "Goggo, ki yafe ni. Yadda na tarar na bi."

Manaja ya karɓi takardar korar ya ninke ta ya sa a aljihu, ya ce a sauke allon. Goggo ta zagaya kujerar sau ɗaya, ta shafa samanta da yatsa, ta duba yatsan.

"Ranka ya daɗe, an tabbata ya bushe?"

Ɗakin ya ɗauki dariya da tafi. Ta hau ta zauna, ta sauke wata ajiyar zuciya da ban taɓa jin irinta ba, ta jawo riga ta ɗora mata dutse. Na juya baya don kada a ga idona.

Manaja ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya ce daga yau yana son mutum ɗaya da zai riƙa kawo masa koken ma'aikata a rubuce, kowane wata, kada a sake shekara goma sha tara ana jiran fenti. Bai rufe baki ba mata suka ɗauka: "Tartsatsi! Tartsatsi!" Na ce ni ba ni da haƙurin shugabanci. Inna ta teburi na bakwai ta ce, "Masu haƙurin ai mun gwada, kin ga inda ya kai mu."

Ina cikin jin daɗin nan sai na ga Manaja ya sake ɗaga kwafin takardar sito.

"Saura abu ɗaya. Wannan daga fayil ɗin ofishina ta fito, kuma ban sa hannu ba. Wa ya fitar da ita?"

Na buɗe baki zan ce tsintarta na yi, ko ni na shiga na ɗauka, duk wadda ta riga fitowa. Sai na ji muryar Akawu daga bayan Manaja.

"Ni ne, ranka ya daɗe. Doka ta ashirin da bakwai, sakin layi na biyu. Ita kam a rubuce take."

Manaja ya juya gare shi. Sannan ya ce, a hankali, ba shi da zaɓi: dakatarwa ce har sai kwamiti ya zauna ya duba ko zai ci gaba da aiki. Kuma da yake babu wani mai buga takardu a masana'antar, Akawu ya koma sama ya buga takardar dakatar da kansa.

Yanzu da nake rubuta muku wannan, yammacin Juma'a ne, ina bakin gadona da rigar aiki a jikina. Saƙonsa ya shigo minti goma da suka wuce.

*Na buga ta, babu kuskure ko ɗaya, kuma wannan karon na cike gurbin lamba. Na kuma rubuta koke zuwa ga sabuwar wakiliyar ma'aikata, ina fata za ta duba shi ba tare da tuna Litinin ba. Baffannina sun ce ƙarfe goma za su iso gobe. Ban gaya musu ba tukuna. In Baba ya tambaye su aikina, me kike so su ce?*

Na karanta sau huɗu. Koke na farko da ya shigo hannuna a matsayin wakiliya, ga wanda ya aiko shi.

Na fito falo. Baba yana baranda, tun da na dawo na ba shi labari duka, bai ce komai ba sai "ran nawa kwamitin zai zauna?" Umma kuwa rabin labarin kawai ta ji, rabin Goggo. Na tarar da ita tana goge babban farantin tangaran, tana 'yar waƙarta.

"Alhamdu lillahi, mako ya ƙare ba a kore ki ba, har ma an ba ki girma," in ji ta. "Ni kin san abin da ya fi kwantar mini da hankali da yaron nan? Ba ruwansa da rigima. Shekara bakwai a kujera ɗaya, ko gargaɗi ba a taɓa ba shi ba. Gobe in dangi suka tambaye ni, da shi zan fara."

Baba ya leƙo ta saman tabarau, ya rage muryar rediyo.

Na ce, "Umma, ajiye farantin nan tukuna. Mai fashewa ne."